Saniya Ɗaya a Burtalin Yashe

Kusada,
21 ga Oktoba, 1979.

Zuwa ga ƙanena Sada, wanda aka ce yanzu sai an sa masa Onarabul,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan ka isa Ikko lafiya, kuma ruwan can bai ɓata maka ciki ba. Mu nan lafiya lau, an yanke gero, dawa ma ta kusa.

Bayan haka, ni dai ban taɓa zaton zan ga ranar da gwamnati za ta ba ka kujera ba, ita da ta saba ba ka tabarmar gidan yari. Sau biyu na kai maka tuwo can a siyasar farko saboda laccar da kake yi a kasuwar Kankiya, sau ɗaya kuma na kwaso maka littattafanka ranar da aka kore ka daga koyarwa. To ga shi ka ci zaɓe, jam'iyyarka kuma ta faɗi a sama. Wato ko a majalisar ma layin masu cewa a'a ka samu. Allah ya shirye ka.

Ba tsiya ce kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Shekaranjiya Bubayero ya zo gidana, ko furar da na dama masa bai sha ba. Wasu mutane masu hular kwano sun zo da mota sun kakkafa turaku masu farin fenti tun daga bayan Kafin Soli har Yashe, kuma turakun sun raba burtali biyu. An ce wata hukuma ce ta tarayya za ta yi gonar zamani da kuɗin fetur. Ka san burtalin nan shi kaɗai ne hanyar shanu zuwa tafkin Gawo, kuma in rani ya yi babu wani ruwa sai shi. In aka toshe shi, sai dai shanu su bi ta gonakin mutanen Dudunni, ka kuwa san abin da zai biyo baya.

Kada in ji ka ce aiki ya yi maka yawa. Ina 'yar shekara tara mahaifiyarmu ta rasu ta bar ka jinjiri, a kan idona Inna Hadijatu ta zo daga ruga da ƙwaryar nono a ka, ta sauke, ta ɗauke ka ta haɗa ka da ɗanta Bubayero a ƙirji ɗaya. Mutanen rugar nan ba su taɓa bin layin zaɓe ba sai a kanka.

Ka riƙa cin abinci. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zinariya.

*

Ikko,
9 ga Maris, 1980.

Zuwa ga Hamma Bubayero,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Ardo Jaji da dukan mutanen ruga. Yaya shanu, yaya rani?

Hamma, ka gafarce ni da jinkiri. Na so in rubuto da labari mai daɗi, na ga in na jira shi ba zan rubuto ba.

Bari in kwatanta maka majalisa. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa, mu fiye da ɗari huɗu. 'Yan jam'iyyar gwamnati suna gefe guda, mu 'yan hamayya muna ɗaya gefen. In kana son magana sai ka miƙe, in shugaban majalisa ya ga dama ya gan ka. Wata huɗu ina miƙewa ina zaunawa, har wani abokina ya ce ko sallar nafila nake yi. Ranar da aka ba ni dama, minti uku aka ba ni. Na ce burtali, wani ya tambayi ko sunan gari ne, aka yi dariya, lokacina ya ƙare.

Na je ofishin hukumar gonar sau shida. A na shidan wani jami'i ya shimfiɗa mini taswira a kan tebur, ya ce in nuna masa burtalin. Hamma, babu shi. Inda muka yi kiwo ni da kai muna yara, inda Inna take bi da ƙwarya zuwa kasuwa, an rubuta daji ne wanda ba kowa. Ya ce in kawo takarda, ko ta Turawa ko ta En'e, wadda ta ambaci hanyar shanu a wurin. Don Allah ka tambayi Ardo ko akwai wani abu makamancin haka a ajiye, ko da guntu ne.

Ban karaya ba. Na rantse ba zan bar ɗakin nan ba sai sunan burtalin Yashe ya hau takarda.

Ka ce wa Inna ɗanta yana gaishe ta. Wassalam.

Ƙanenka,
Sada.

*

Rugar Ardo Jaji, Yashe,
cikin watan Rajab.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga Bubayero ɗan Modibbo zuwa ga ɗan'uwansa na nono, Malam Sada, wakilin jama'a. Aminci da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka.

Bayan haka, takardarka ta iso, na karanta wa Ardo da dattawa a gindin gawo. Ka yi haƙuri da rubutuna na ajami, shi na iya.

Ardo ya ce in gaya maka babu takarda. Ya ce takardar burtali ita ce aguwar da aka shuka dama da hagu, kakanninku manoma suka shuka ɗaya gefen, kakanninmu suka shuka ɗaya gefen, don kada saniya ta ci shuka, kada garma ta ci hanya. Ya ce in mutumin ofis yana son karantawa shi zo shi karanta, tana nan tsaye ta fi shi tsawo.

Dattawa ba su so na rubuta maka yawan magana ba. Ka san mu da takarda. Ba ta taɓa zuwa ruga ta koma hannu wofi ba.

Turakun suna nan. An ƙara wasu, an kuma sauke waya mai ƙaya a bakin hanyar Kafin Soli, ba a dai ja ta ba tukuna.

Inna ta ji dariyar da aka yi maka, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce in gaya maka ko kana jinjiri ba ka sakin nono sai ka ƙoshi, kada ka saki wannan. Ta ba direban da zai kawo takardar nan man shanu a kwalba, na saniyarta Wule ne. Ta ce ka sa a abinci, ta ji an ce mutanen can manja suke ci.

Allah shi ɗafa maka. Wassalam.

*

Ikko,
2 ga Afrilu, 1981.

Yaya Zinariya,

Ina gaishe ki da yara. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta wa kowa.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Gwamnati ta kawo ƙudurin da zai ba hukumar gonar nan ikon karɓar filaye. Jam'iyyarmu ta ce kowa ya ƙi, kuma gaskiyarta ce, mugun ƙuduri ne. To bana gwamnati ta ɓata da abokan tafiyarta, ƙuri'a ta yi mata wuya, kowane hannu ɗaya ana nemansa. Wani babba a gwamnatin ya kira ni ofishinsa ya ce me nake so. Na san abin da yake jira in ce, gida ko kwangila. Na ce layi ɗaya nake so a ƙara a cikin dokar: duk burtalin da kwamiti ya je ya gani da ido ana bin sa, ba za a taɓa shi ba. Ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce shi ke nan? Na ce kuma kwamitin ya fara da Yashe.

An sa layin. Jiya na ɗaga hannu tare da mutanen da na yi shekara ashirin ina yaƙa. Abokan da muka kwana a gidan yari tare sun tashi daga kusa da ni, ɗaya ya tofar da yawu. Jam'iyya za ta kore ni, na sani. Za ki ji ana cewa an saye ni, ki yi shiru.

Sharaɗinsu guda ne, kada in bi kwamitin, wai kada a ce siyasa ce. Na yarda. Me zan je yi? Shanu fiye da dubu ba sa bukatar mai yi musu lacca.

Yaya, kunya nake ji har ba na son duba madubi. Amma in burtali ya tsira, na yafe sunana.

Ƙanenki,
Sada.

*

Ikko,
27 ga Afrilu, 1981.

Hamma Bubayero,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga Inna da Ardo. Yau labari mai daɗi ne, ka karanta wa kowa da kowa.

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, mutum biyar za su zo daga gwamnati da mota da littafi. Aikinsu su ga ko ana bin burtali. Abin da suka gani shi za su rubuta, abin da suka rubuta shi ne doka.

Don haka a fito da shanu duka. Duka, Hamma, har maruƙa, har na rugagen Kafin Soli. A cika burtali tun daga bakinsa har tafkin Gawo, motarsu ta rasa inda za ta bi. In sun tambayi adadi a faɗa musu gaskiya, ko ma ka ƙirga tun yanzu ka aiko mini in riƙe a hannuna. Na san ba ku ƙirga dabba, na san ana cewa ƙirga tana kore albarka, amma sau ɗaya ne.

Kada kowa ya ji tsoro. An soke jangali tun shekarar da aka zaɓe ni, ba mai karɓar ko sisi a kan saniya. Ni ba zan samu zuwa ba, akwai dalili. Na ba ka amanar ranar nan.

Ƙanenka,
Sada.

*

Kusada,
16 ga Mayu, 1981.

Sada,

Ina gaishe ka. Ban san ta inda zan fara ba don haushi.

Na je Yashe ranar Alhamis, na ce bari in ga abin da ƙanena ya sayar da mutuncinsa a kai. Na isa da hantsi. Sada, burtali fayau. Babu saniya, babu ɗan maraƙi, ko kashin shanu babu. Tun ranar Talata suka kora su arewa, wasu har wajen Ingawa. Mata suka bi suka tsince kashin a kwando, maza suka ja reshen ƙaya a kan sawun, yadda suke yi a zamanin jangali in an ce malamin ƙirga yana tafe. Aiki suka yi mai kyau, wallahi ko ni da na san wurin sai na ce shekara goma dabba ba ta taka shi ba.

Motar ta zo. Mutum biyar, ɗaya da littafi. Ardo Jaji ya tarbe su da tsohuwar riga duk faci, wadda ban taɓa ganin ta a jikinsa ba. Mai littafin ya ce, "Ardo, shanu nawa ke bin hanyar nan?"

Ya ce, "Shanu, ranka shi daɗe? Ina muka ga shanu? Annobar bushiya ta share su bara waccan. Mu yanzu 'yan awaki muka kiwo."

Na kutsa na ce ƙarya ne, shanu sun fi dubu. Ardo ya ce, "Wagga ɗiyar birni ce, ba ta san komi ba." Mai littafin ya dubi Bubayero ya ce haka ne? Ɗan'uwanka ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Muna tsaye sai ga Inna Hadijatu ta fito daga cikin aguwa, tana dogara sanda, tana jan Wule da igiya. Ashe ta hana a tafi da ita, har ta zagi jikokinta. Ta ja ta har tsakiyar burtali ta tsaya a gaban motar ta ce, "Ɗana Sada ya ce a hito da shanu. Ga tawa. Ku rubuta."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsofaffi. Mai littafin ya rubuta. Na leƙa, ka san karatun yaƙi da jahilcina bai kai Turanci ba, amma na san lamba ɗaya in na gan ta. Ko rabin sa'a ba su yi ba suka juya.

Inna ta ƙi barin wurin har azahar, wai ko za su dawo su ƙara dubawa. Ni na ja saniyar, na riƙe mata hannu muka koma.

Na yi kuka, na yi zagi, ban bar kowa ba. Kai ma ban bar ka ba. Kai da ka tashi a rugar nan, yaya aka yi ka zaci takarda za ta fito da shanu gaban mai littafi? Da ka zo da kanka ka tsaya, da wataƙila.

Ka yi haƙuri. Allah ya sa haka ne mafi alheri, ko da yake ni ban ga alamar ba.

Yayarka,
Zinariya.

*

Rugar Ardo Jaji,
cikin watan Sha'aban.

Da sunan Allah. Daga Bubayero zuwa ga Malam Sada. Aminci, in ka yarda ka karɓa daga gare ni.

Na san Adda Zinariya ta gaya maka. Ba zan ɗora wa Ardo ba.

Na karanta takardarka sau uku a gaban dattawa. Da na kai inda ka ce a ƙirga a aiko maka, dattawa suka tsayar da ni. Sai wani ya ce a kasuwar Kankiya ana faɗin ka ɗaga hannu tare da gwamnati. Wani ya ce me ya sa ba za ka zo ba in abin alheri ne. Ardo ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa yin mai littafin da ya nemi ganin shanu don alherin shanu ba, kuma an sha cewa an soke jangali a dawo da shi da wani suna. Ya ce ba ya zarginka, amma mai yiwuwa kai ma an yaudare ka.

Suka juyo gare ni, suka ce kai ka sha nono ɗaya da shi, in ka ce a fito da su za a fito da su. Sada, magana tana hannuna. Na tuna shekarar da aka kama mahaifina aka ɗaure shi a rana saboda ya ɓoye bijimi biyu, aka kwashe goma. Kana makaranta a lokacin, ni ina wurin. Na duba takardarka na ga hatimin majalisa a samanta. Na ce a kora su.

Ban zaci an saye ka ba. Amma ban iya rantsewa ba a saye ka ba, wannan shi ne laifina.

An fara jan waya ranar Asabar. Inna ba ta yi mini magana tun ranar.

Ba na neman ka amsa. Wassalam.

*

Kusada,
4 ga Satumba, 1983.

Zuwa ga Bubayero, a hannun mahautan da ke zuwa Kachiya,

Ina gaishe ka da Inna da yara. An ce can kuka yada zango, Allah ya sa takardar nan ta same ku.

Ka tambayi direba labarin Sada, to ga shi. Bai amsa maka ba shekara biyu, ni ma layi uku yake rubuto mini. Ya kai ƙara a sake turo kwamiti sau tara, aka ce doka ta ce gani ɗaya ne, kuma shi ya rubuta layin da hannunsa. Jam'iyyarsa ta kore shi. Ta gwamnati ta ce ya shigo, ya ƙi. Ya tsaya zaɓen bana a wata 'yar ƙaramar jam'iyya da ko tuta ba ta da ita a Kankiya, ya faɗi warwas. Mutanen Dudunni sun ƙi shi saboda dawar da shanunku suka ci da kan da aka fasa a daminar da kuka tashi. 'Yan jam'iyyarsa na da suna kiransa Mai Saniya Ɗaya. Ku da za ku jefa masa kuna can.

Ya dawo Kusada da akwati biyu, duk takardu. Yana ɗakin zaure a gidana. Shekararsa arba'in da bakwai, in ka gan shi sai ka ce yayana ne.

Wule da Inna ta bar masa tana nan. Da farko ko kallonta ba ya yi. Yanzu shi ke yanko mata ciyawa, tsohon Onarabul da lauje. In na yi masa tsiya ba ya ramawa, abin da ya fi damuna ke nan.

Gonar zamanin kuwa, sun yi noma damina ɗaya. Taraktoci huɗu suna nan a tsaye ciyawa ta fito ta cikinsu, ma'aikatan sun watse. Wayar dai tana nan, da mai gadi.

Ka rubuto masa ko ba zai amsa ba.

Addarku,
Zinariya.

*

Kusa da Kachiya,
cikin watan Jimada Ula.

Da sunan Allah. Daga Bubayero zuwa ga ƙanensa Sada. Aminci.

Inna ta rasu ranar Litinin, bayan la'asar. Mun binne ta a nan, ƙasar ja ce, ba mu san kowa ba. Ta yafe mini kafin ta cika. Ta ce in tambaye ka ko kana sa man shanu a abinci.

Bushiyar da Ardo ya yi ƙarya da ita ta zo da gaske. Ta bi rugage tun damina.

Ka taɓa roƙona abu ɗaya na hana ka. Na zauna da dattawan da suka rage, kowa ya faɗi nasa da bakinsa, abin da ba mu taɓa yi ba. Shanun da muka kora arewa ranar Talatar nan dubu ɗaya da ɗari uku da sittin da biyu ne, ban da Wule. Na yau ma na ƙirga. Ba zan rubuta ba.

Ga adadin, ka yi yadda ka ga dama da shi. Wassalam.

*

Kusada,
26 ga Fabrairu, 1984.

Hamma,

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Uwarmu ce mu biyu.

Na karɓi adadin, na rubuta shi a takarda mai kyau, na sa hannu. Sai dai soja sun rufe majalisa tun ƙarshen Disamba, ba ni da wanda zan kai wa.

Wule ta haihu, mace. Kullum da safe in na kwance ta sai ta ja ni har Yashe, ta tsaya a bakin waya tana kallon wajen tafki. Aguwar tana nan ta ciki, ba wanda ya sare ta. Mukan tsaya har rana ta yi zafi, sannan mu dawo.

Ban riƙe ka da komai ba. Ka gaida yara.

Ƙanenka,
Sada.